Yadda ake kai tsohuwar mota mai jikin faiba a sake mata fenti

Jikin faiba, wato zaren gilashi da aka haɗa da wani ƙaro mai daskarewa da ake kira rezin, ba ya tsatsa, shi ya sa mutane ke ɗauka fentinsa ya fi na ƙarfe sauƙi. Ba haka ba ne. Ƙarfe ba ya shan komai, faiba kuwa da zarar an tuɓe mata fenti tana shan mai, tana shan ruwa, tana shan tina, kuma duk abin da ta sha sai ta amayo shi ta cikin sabon fenti bayan 'yan watanni. Zan yi bayanin ne da Chevrolet Corvette ta Amurka, domin ita ce ta fi yawa a cikin irin waɗannan motoci tun fitowarta a 1953, amma kusan duk abin da zan faɗa ya shafi Studebaker Avanti, da Lotus Elan da Reliant Scimitar na Ingila, da Alpine A110 ta Faransa. Ba kai za ka riƙe bindigar fenti ba. Naka shi ne ka san aikin sosai yadda za ka zaɓi mai yi, kuma ka gane idan ya fara kaucewa.

Kayan da za ka tanada

Na hannunka ba su da yawa: tocila mai haske sosai, waya mai kyamara, tef na takarda da alƙalamin maka don yi wa wuraren matsala alama, ƙananan ledoji masu zif na zuba kusoshi, farin tsumma mai tsabta, ɗan tina a kwalba, da littafi na rubutu. Maganaɗisun da ake gane fila da shi a jikin ƙarfe ba shi da amfani a nan, sai wajen duba ƙarafan da ke ɓoye a ciki.

Waɗanda ya kamata ka gani da idonka a garejin mai fenti su ne: tabarmar zaren gilashi, rezin da hadinarsa, wato sinadarin da ke daskarar da shi, gam ko rezin na musamman da aka rubuta SMC a jikinsa (wani nau'in faiba ne, bayaninsa na tafe), samfefa daga lamba 80 har 3000, dogayen katakan goge jiki, firaima ta efoksi ko ta foliyesta, kwamfuresa mai matatar ruwa da mai a kan tiyonta, ɗakin fesa mai rufi, da takunkumin numfashi na gaske. Idan ka shiga gareji ka ga guduma da injin walda da gwangwanin bodi fila kawai, gaisa da su ka wuce.

1. San irin faibar da ke jikin motarka

Corvette daga 1953 zuwa 1972 faiba ce ta gargajiya, wato zaren gilashi da rezin na foliyesta. Daga 1973 kamfanin ya koma SMC, wanda ƙulli ne na rezin da gutsattsarin zare da ake matsewa a injin mai zafi. A cikin ƙullin nan akwai sinadarin da ke hana shi mannewa a jikin injin, kuma sinadarin yana nan har yau a cikin bangon motar. Shi ne ke hana rezin na yau da kullum kama shi da kyau. Leƙa ta bayan fenda: tsohuwar faiba za ka ga zare a fili, SMC kuwa sumul take, launin toka mai ɗan zane-zane. Motar da ta sha gyara tana iya haɗa duka biyun, don haka a duba kowane ɓangare da kansa.

Sannan ka gwada fentin da ke kai. Motocin da aka ƙera a masana'antar Corvette ta birnin St. Louis na Amurka har zuwa 1981 da fentin lakar suka fito, wanda ba a zuba masa hadina, tashin tina kawai ke busar da shi. Jiƙa tsumma da tina ka goga a wani lungu da ba a gani. Idan launi ya biyo tsumman nan take, lakar ne. Ba a ɗora fentin zamani a kansa a zauna lafiya, domin yana ci gaba da tsagewa a ƙarƙashi.

2. Binciki jikin kafin kowa ya faɗa maka farashi

Wanke motar, ka shigar da ita inuwa, ka kwantar da hasken tocila a gefen jiki, kada ka haska ta kai tsaye. Duk lotsawa da kumburi za su fito. Nemi ƙananan tsagogi masu kama da saƙar gizo-gizo a kusurwoyin bonet, gefen fitilun gaba, bakin ƙofofi, saman tayoyi inda tsakuwa ke dukan fenda ta ciki, da gindin eriya. Kowace ka liƙa mata tef ka ɗauki hotonta, domin da an tuɓe fenti wasu za su ɓace wa ido alhali suna nan.

A motocin 1968 zuwa farkon shekarun 1970, shafa hannu a kan hanci, tsakanin fitilu da bakin bonet. Idan ka ji ƙananan ƙuraje a jere, ribit ne na alminiyom da ke riƙe da wani ƙarfe a ƙasa suka ruɓe suka kumbura, suna turo faibar sama. Gogewa daga sama ba ta maganinsu. Sai an ciro ƙarfen, an cire ribit ɗin, an manna shi da gam. Haka kuma Corvette ta 1963 zuwa 1982 tana da kejin ƙarfe a kewayen mazauni, wanda ya haɗa da firam ɗin gilashin gaba da ginshiƙan ƙofofi. Shi yana tsatsa, kuma mummunar tsatsa. Idan ya ci, a gyara shi tukuna. Babu amfanin zuba kuɗin fenti a kan jikin da za a yanka gobe.

Ɗaga bonet ka dubi cikinsa, musamman saitin kwamfuresar AC, da gefen tukunyar man birki. Idan ka ga wuri ya yi baƙi ya jiƙe da mai, ka nuna wa mai fenti tun yanzu. Zan dawo kan wannan.

3. Yanke shawarar launi da irin fenti

Daga 1963 akwai ɗan farantin ƙarfe mai lambar launin asali. A motocin 1963 zuwa 1967 yana ƙarƙashin akwatin dashbod na gefen fasinja, daga 1968 kuma yana jikin ginshiƙin ƙofar direba. Misali, 900 a motar 1966 zuwa 1969 baƙin nan ne Tuxedo Black. Idan kana da niyyar sayarwa wata rana, ko kai ta gaban alƙalan ƙungiyar NCRS ta masu gyaran tsofaffin Corvette a Amurka, masu duba ko an mayar da mota yadda ta fito, to ka tsaya kan launin da ke faranti. Idan don jin daɗinka ne, zaɓi abin da ranka ke so, amma ka sani baƙi da shuɗi mai duhu ba sa ɓoye komai. Kuma suna ɗaukar zafin rana fiye da fari, zafin nan kuwa shi ke sa tsofaffin gyare-gyare su nuna kansu. Wanda zai riƙa ajiye motarsa a ranar Sakkwato ko Maiduguri ya yi tunani sau biyu.

Fenti iri biyu ne a gabanka. Akwai mai haɗe da sheƙinsa, wanda ake zuba wa hadina a fesa shi kaɗai. Ya fi kama da na asali a launi marar ƙyalli. Akwai kuma otobes, wato launi zalla, da kiliya, wato shafin sheƙi marar launi, a sama. Shi ya fi dacewa da launi mai ƙyalli, kuma ya fi sauƙin gyara idan an ƙwarzane. Ni ra'ayina, ja da fari da baƙi na tsohuwar mota sun fi kyau da na farkon. Ko wanne ka zaɓa, firaima da fenti da kiliya da tina su fito daga kamfani ɗaya.

4. Zaɓi mai fenti

A nan ake ci ko a faɗi. Gwanin fanal bita ba lallai ya san faiba ba, kuma da wuya ya ce maka bai sani ba. Yi masa tambaya uku. Da me za ka cire tsohon fenti? Yaya kake gyara tsaga? Me za ka fara fesawa a kan tsirarar faiba? Wanda ya ce zai yi feshin yashi, ko zai cike tsaga da fila, ko zai fesa firaima mai asid irin ta ƙarfe, ba naka ba ne. Ka nemi ya nuna maka motar faiba da ya fenta shekara biyu ko uku baya, ba wadda ta fito jiya ba. Kowane fenti yana da kyau a makon farko.

Idan babu irin wannan gwani a garinku, raba aikin biyu. Masu gyaran jiragen ruwa na faiba, irin waɗanda ake samu a Legas da Fatakwal, sun san rezin fiye da yawancin masu gyaran mota. Su yi gyaran jiki, mai fentin mota ya yi firaima da fesa. Amma a haɗa su su yi magana kafin a fara, kada kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi daga baya.

5. Ku rubuta yarjejeniya

A rubuta abin da za a kwance, yadda za a cire fenti, sunan kayan da za a yi amfani da su, da wanda zai saya. A raba biya kashi-kashi: bayan tuɓe fenti, bayan gyaran jiki, bayan firaima, sannan cikon bayan ka karɓi mota. Kada ka biya duka a gaba, motar za ta koma lungun gareji ana ɗora mata kwalaye. Farashin farko kintace ne kawai, domin ba wanda ya san abin da ke ƙasan fenti sai an buɗe. Ku amince cewa za a sake zama bayan tuɓewa. A Amurka aiki mai kyau irin wannan yakan haura dala 10,000, kuma mafi yawan kuɗin na hannu ne, ba na gwangwani ba. Duk wanda ya ce maka mako biyu ya ishe shi, fenti zai ɗora a kan fenti.

6. A kwance kaya

Bamba, fitilu, tambura, hannun ƙofa, madubai, robobin ƙofa da ƙarafan ado duk a cire. Rufe su da tef ba aiki ba ne, bakin fentin zai ɓare daga nan. Wannan kana iya yi da kanka ka rage kuɗi: hoto kafin cirewa, kusoshi a leda, rubutu a kan ledar. Kusar da ta ƙi fita a bi ta a hankali, domin idan aka tilasta takan fito da ɓallin faiba. Kuma kada a fesa man kwance kusa a inda zai malala jikin faibar.

7. A tuɓe tsohon fenti

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce reza. Ana saka ta a mariƙi, a kwantar da ita sosai, a riƙa turawa. Tsohon lakar, musamman idan motar ta ɗan sha rana, yana tashi ne zare-zare, ya bar jar firaima ta asali a ƙasa. Sauran sai a bi da samfefa lamba 80 a kan katako, a gama da 180. Aiki ne mai cin lokaci, amma ba ya cutar da jiki.

Injin samfefa yana da sauri, sai dai faiba ta fi fenti laushi. Yaron gareji da bai saba ba zai cinye kaifin layin fenda cikin minti ɗaya, ya bar kwari a shimfiɗaɗɗen wuri. A hana injin zuwa kusurwa da kan layuka, waɗannan da hannu ake yi.

Maganin narkar da fenti sai wanda aka rubuta cewa na faiba ne. Mai ƙarfin nan da ake zuba wa ƙarfe yana narkar da rezin ɗin kansa. Ko na faibar ma a yi shi ɓangare-ɓangare, a kankare da wuri, a wanke sosai, kada ya kwana a jiki, kuma kada ya shiga layin haɗi, inda aka manna gunduwoyin jiki. Feshi da iska kuwa ana yinsa da ƙwayoyin roba, ko ɓawon gyaɗar walnut, ko soda, a hannun wanda ya saba. Yashi haramun ne a nan: yana cinye rezin ya bar zare tsaye, gyaran ɓarnarsa ya fi aikin asali tsada. Idan soda aka yi amfani da ita, sai an wanke ta tas, in ba haka ba firaima ba za ta kama ba.

Daga ranar da faiba ta fito tsirara, dokoki sun canja. Ba a tuƙa motar, ba a barin ta cikin ruwan sama, ba a taɓa ta da hannu mai maiƙo, ba a fesa folish mai silikon ko'ina kusa da ita. Je ka gan ta da idonka a wannan mataki ka ɗauki hotuna. Tarihin motar duk yana nan a fili: inda aka taɓa buga ta, inda aka lafta fila, inda aka canja fenda.

8. A gyara tsaga da layukan haɗi

Tsagar da ka gani a fenti yawanci ta shiga cikin faibar. Idan aka shafe ta da fila za ta dawo a daidai wurinta. Yadda ake yi shi ne a bi ta da garanda har ƙarshenta, a fafe gefenta biyu su yi gangare mai faɗi, kamar ninki goma sha biyu na kaurin bangon. A yayyaga tabarmar zaren gilashi da hannu maimakon yanka da almakashi, domin yagaggen baki ya fi ɓacewa a jiki. A shimfiɗa ƙarami tukuna, sannan mafi girma, ana jiƙawa da rezin ana danne kumfar iska da ɗan rola. Idan tsagar ta ratsa, a ƙara wani shimfiɗin ta baya. Kada a sa saƙaƙƙen ƙyallen gilashi a saman jiki, zanen saƙarsa yana bayyana ta cikin fenti daga baya.

Hadinar rezin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ce. A lokacin zafi a tsaya kusa da 1, a kwaɓa kaɗan-kaɗan. Wasu na zuba ta da yawa don ya bushe da wuri su tafi gida, sai gyaran ya yi gautsi. Idan jikin SMC ne, a yi amfani da nasa rezin ɗin ko efoksi. Fila tana da wurinta, amma shafe ne siriri na daidaita fuska bayan an gama gyara.

Ba a ƙera jikin Corvette a dunƙule ɗaya ba. Gunduwa-gunduwa aka manna shi da ɗaurin faiba ta baya, kuma gam ɗin da ke tsakani yana shanyewa da shekaru, shi ya sa kake ganin siririn layi a gefen fenda. A fafe layin a cike shi da zare da rezin, ko da gam na musamman.

Wurin da mai ya jiƙa kuwa, ana wanke shi da asiton a shanya a rana, a sake, har ya daina fitar da tabo. Na ga bonet da aka fenta ya yi kyau, bayan wata huɗu ƙuraje kamar guda ashirin suka taso a wuri ɗaya da bai fi tafin hannu ba, daidai saman kwamfuresar AC. Da aka huda ɗaya da allura, mai ne ya fito. Idan tabon ya ƙi tafiya, a yanke wurin a saka sabo.

Kafin a wuce, a mayar da ƙofofi da bonet da murafun fitilu a daidaita tazararsu, motar tana tsaye a kan tayoyinta. Idan a kan jak aka daidaita, da an sauke ta komai zai goce. Bambar roba, wadda ta fara a gaba a 1973 da baya a 1974, idan ta lanƙwashe ko ta bushe canjawa ake yi.

9. Shanya, firaima, da gogewa

Bayan gyara, a fitar da motar rana kullum na tsawon mako biyu ko fiye, a mayar da ita ciki kafin raɓa. Rezin da fila su gama shanyewarsu yanzu, ba bayan fenti ba. Sannan a rufe faibar. Wasu na fesa jelkot, wato shafin rezin mai rufe fuskar faiba, wasu firaima ta foliyesta mai kauri, wasu efoksi tukuna. Duk suna aiki idan an bi takardar kamfani. Foliyesta tana son bindiga mai babban baki, milimita 2 ko fiye, kuma a bushe ake goge ta domin tana shan ruwa.

Daga nan sai a yayyafa baƙin ƙura ko siririn baƙin fenti a kan firaima, a goge da dogon katako a gicciye, da lamba 180 sannan 320. Inda baƙi ya rage, kwari ne. Inda faiba ta leƙo, tudu ne. A sake firaima, a sake gogewa, sau nawa ne ma, har baƙin ya tafi bai ɗaya. A gama da 400 zuwa 600. Zo ka shafa da tafin hannu, idonka a rufe. Abin da hannunka ya ji yanzu, idonka zai gan shi bayan fenti. Wannan firaima ma a bar ta ta sha rana 'yan makonni.

10. Ranar fesa

Faiba tana tara lantarkin gogayya, tana jawo ƙura. A shafe ta da maganin hana hakan, a jiƙa ƙasan ɗaki, a zubar da ruwan tankin kwamfuresa. Idan babu ɗakin fesa na gaske, a rufe ɗaki da leda a yi da sassafe, a guji ranakun da hazon hunturu ya sauko, a kuma guji ranar da aka yi ruwa. Idan akwai obin, kada zafinsa ya wuce digiri 60 na ma'aunin Selsiyas. Fiye da haka iskar da ke maƙale cikin faiba tana kumbura. Launi mai ƙyalli a fesa shi ƙofofi da bonet suna jikin mota, ko aƙalla a rana ɗaya daga gwangwani ɗaya, don kada ƙofa ta bambanta da fenda. Bambar roba a zuba wa fentinta sinadarin laushi. Kiliya shafi biyu zuwa uku, uku idan za a goge. Hadinar wannan fenti guba ce ga huhu, ƙyalle a hanci ba ya tare ta. Kai tsaya a waje, kuma kada ka yarda a tura yaro ciki ba takunkumi.

11. Gogewa, haɗawa da karɓa

Bayan fenti ya yi ƙarfi ana goge shi da ruwa da samfefa 1500, 2000, 3000, a bi da injin folish. A liƙa tef a kan kaifin layuka, a nan fenti ya fi sirantaka. Wajen mayar da kaya a sa sababbin robobi, kuma kada a ɗaure kusar tambari ko madubi da ƙarfi, daga nan sabuwar tsaga ke farawa.

Ka karɓi motar da rana tsaka, a waje, hotunanka na farko a hannu. Bi duk inda ka taɓa liƙa tef. Buɗe ƙofofi ka duba ciki, leƙa ƙasan bakin fenda. Abin da ka gani ka faɗa kafin ka biya ciko. Ka nemi ragowar fentin a ƙaramin gwangwani, da lambar haɗinsa a rubuce. Wata biyu zuwa uku na farko wanki da ruwa da sabulun mota kawai, ba kakin folish, ba tamfol, domin tina tana ci gaba da fita. Idan za a ɗaga motar a jak, a sa shi a ƙarƙashin shasi, a ɗaga a hankali, kada a bar ta a karkace ta kwana.